Mai Kallo Ma Yana Cikin Fili

Manyan wasannin dambe da na UFC da ake yi a Amurka daren Asabar, a wurinmu da asubar Lahadi suke faɗowa. Duk ranar da wani ɗan Afirka zai shiga keji, sai ka tarar matasa a Jos, Kaduna, Kafanchan ko Yola sun kwana ido biyu a gidan kallo ko a kan waya, gari na wayewa su watsa ruwa su nufi majami'a. Dattawan ikilisiya sukan fara da ƙorafin gyangyaɗi a lokacin wa'azi, amma maganar ba ta tsayawa nan. Tana kaiwa ga tambaya mai nauyi: ya dace Kirista ya zauna yana jin daɗin ganin mutum na dukan ɗan'uwansa har ya suma?

Abin ya yi ƙarfi ne a 'yan shekarun nan. A 2019 Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya ɗauki kambun UFC, Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya biyo baya a shekarar. A 2021 Francis Ngannou na Kamaru ya zama zakaran masu nauyi. Ga Anthony Joshua a damben Turawa. Damben gargajiya ma ya tashi daga filin kasuwa da bikin kaka ya hau YouTube, ana kallonsa a ƙasashen da ba su taɓa jin kiɗan 'yan dambe ba. Yaron da ke rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, shi ne kuma ke tura wa abokai bidiyon naushin da ya kifar da mutum.

Masu goyon bayan kallo suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ai wasa ne, akwai alƙali, akwai doka, babu wanda aka ɗauro da igiya. Suna tuna mana cewa Manzo Bulus da kansa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura tara, ya kwatanta horon kansa da na ɗan dambe, mutanen Koranti kuwa sun san dambe sarai, don ana manyan wasanni a kusa da birninsu. Suna kawo kokawar Yakubu a Farawa sura talatin da biyu. Suna lissafa George Foreman, wanda ya bar dambe a 1977 ya zama mai wa'azi a Houston, ya kuma dawo fili bayan shekara goma ba tare da ya ajiye wa'azin ba. Da Evander Holyfield da Manny Pacquiao, waɗanda ba sa ɓoye bangaskiyarsu. A ƙarshe sai su fake da Romawa sura goma sha huɗu: abu ne na lamiri, kada wani ya hukunta wani.

Masu hani kuma, a nan ƙasarmu, yawanci ta wata ƙofa suke shiga. Su abin da ya fi damunsu shi ne layu da guraye da tsatsube-tsatsuben da ake alaƙantawa da damben gargajiya, sai caca, sai shaye-shaye a bakin fili, sai matan da ke ɗaga allo da shigar banza a wasannin ƙasashen waje. Duk waɗannan abin magana ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ce an kwance wa ɗan dambe kowace laya, an kori 'yan caca, an buɗe wasan da addu'a. Me ya rage? Mutum biyu sun rage, kowanne yana neman kan ɗan'uwansa da iyakar ƙarfinsa, mu kuma muna jiran mu ga wanda ƙafarsa za ta fara saki.

Ni a nan nake tsayawa, kuma ina tare da masu cewa a daina kallo, ko da yake dalilina daban ne da nasu.

Hujjar Bulus ba ta ɗauki nauyin da ake ɗora mata ba. Mai wa'azi yana ɗauko misali daga abin da mutane suka sani. Ubangiji Yesu ya kwatanta dawowarsa da zuwan ɓarawo da dare, bai kuwa halatta sata ba. Kokawar Yakubu kuma kokawa ce, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci a wurina. Wanda ya taɓa kallon gasar kokawa ta cin takobi ta Nijar ya san cewa da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, ya tashi ya kaɗe yashi. Ana iya karya hannu a kokawa, kamar yadda ake karya ƙafa a ƙwallo. Amma a ƙwallo, idan ka yi wa mutum rauni da gangan jan kati za ka samu. A dambe, idan ka girgiza masa ƙwaƙwalwa har ya kasa tashi kafin a ƙirga goma, kambu za a ɗaura maka. A ɗaya rauni haɗari ne da doka ke ƙoƙarin karewa, a ɗayan kuwa shi ne hanyar nasara mafi daraja, shi ake yankowa a yaɗa, shi ke ƙara wa ɗan wasa farashi.

Kuma yau ba mu da uzurin rashin sani. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta yadda tsofaffin 'yan dambe ke komawa suna tangaɗi da lauyewar harshe kamar masu maye alhali ba su sha komai ba. A 2002 ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon Amurka irin wadda ake karo da kai, ya gano lalacewar da yawan bugu ke haddasawa, ya wallafa a 2005. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan wannan ƙwallo na gasar NFL su 111 da iyalansu suka bayar bayan mutuwarsu, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo su suka fi bayarwa, don haka adadin ba ya wakiltar kowane ɗan wasa. Amma darasin a fili yake: ƙwaƙwalwa tana lilo ne a cikin ƙoƙon kai, kowane naushi yana buga ta da ƙashi, kuma ɓarnar tana taruwa shiru, sai bayan shekaru ta fito da mantuwa, fushi marar dalili da baƙin ciki. A lokacin mu masu kallo mun daɗe da komawa kan sabon zakara. Matarsa da 'ya'yansa ne ke zaune da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke wannan gardama kamar sabuwa ce, alhali ikilisiyar Afirka ta daɗe da yin ta. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi sukutum a kan wasannin kallo na Romawa, yana gargaɗin masu bi su nisanci filin da ake zubar da jini don nishaɗi. Bayan kusan shekara ɗari biyu Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ba da labarin abokinsa Alipiyus. Saurayi ne mai kamun kai, ya tsani wasan masu takubba. Wata rana a birnin Roma abokan karatunsa suka ja shi da ƙarfi zuwa filin. Ya ƙudurta cewa jikinsa kawai za su kai, ya zauna ya rufe ido. Amma bai toshe kunne ba. Da wani ya faɗi, jama'a suka ɓarke da ihu, ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru, yana ganin shi ya fi ƙarfin abin ya taɓa shi. Da ya ga jinin bai iya kau da kai ba. Ya yi ihu tare da masu ihu, ya koma gida yana ƙishirwar dawowa, daga baya har shi ke jan wasu. Wannan Alipiyus ɗin ya tuba, ya zama bishop. Abin da Agustin yake so mu gani shi ne, mai kallon ma an ji masa rauni, a ransa, kuma raunin ya fi na wanda ke kwance a ƙasa.

Za a ce mini waɗancan bayi ne da fursunoni, kashe su ake yi, na yau kuwa 'yantattu ne da suka sa hannu a takarda. Haka ne, kuma ba zan daidaita su ba. Amma zancen Agustin a kan zuciyar mai kallo yake, ita kuwa ba ta canja ba. A watan Maris na 2024, da Joshua ya kwantar da Ngannou a turmi na biyu a Riyad, mutum ya zube kamar babu rai, sai da aka sa masa iskar numfashi. Sau nawa aka maimaita wannan daƙiƙa a wayoyinmu? Kowa ya tambayi kansa abin da yake nema a kallo na biyar. Gwaninta ya riga ya gan ta tun na farko. Idan na zauna ina roƙo a zuciyata wani da aka halitta cikin siffar Allah ya suma don darena ya yi armashi, ban san yadda zan sulhunta wannan da umarnin ƙaunar maƙwabci ba. Zabura ta goma sha ɗaya ma tana da magana mai kaifi a kan mai ƙaunar ta'adi, kuma ba a kan mai aikatawa kaɗai ta tsaya ba, a kan abin da zuciya ke so ta yi magana.

Batun yarda ma yana bukatar a dube shi da kyau. Ngannou ya yi aikin haƙar yashi tun yana yaro a ƙauyensu Batié, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya zuwa Maroko, ya kwana a titunan Paris kafin duniya ta san shi. Labarinsa abin alfahari ne, amma yana kuma nuna mana daga inda 'yan dambe ke fitowa. Ɗan mai hali ba kasafai yake sayar da kansa ga naushi ba. A watan Maris na 2025 ɗan damben Najeriya Segun Olanrewaju, tsohon zakaran ƙasa da na Afirka ta Yamma, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a filin Bukom da ke Accra, ya rasu yana da shekara 40. Mutum mai wannan shekaru da ya sake ɗaura safar hannu ya ƙetara iyaka don wasa guda, ya yarda kam, amma irin yardar da talauci ke tsaye a bayanta ce.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A 2005, bayan mutuwar ɗan damben Amurka Leavander Johnson, mujallar La Civiltà Cattolica ta 'yan Jesuwit a Roma, wadda fadar Vatican ke dubawa kafin a buga, ta yi kakkausar suka ga damben neman kuɗi, ta kusanta shi da yunƙurin kisa da doka ta lamunta. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da nasu: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke hukuncin haramta dambe a 1987, saboda cutarwa da dukan fuska. Duk da haka mabiya addinan biyu suna cika gidajen kallo kafaɗa da kafaɗa.

Ba na son a mai da wannan dokar ikilisiya, a sa matashi a ƙarƙashin horo don ya kalli Adesanya. Littafi Mai Tsarki bai ambaci UFC ba, kuma faston da ya ƙirƙiro haramcin da babu shi zai kori yara ne kawai daga sujada, su ci gaba da kallo a ɓoye. Ba na kuma raina 'yan dambe. Da yawansu sun fi mu horo da juriya, kuma damben gargajiya gado ne na mahauta mai tarihi, da kiɗansa da kirarinsa, har makaɗa irin su Ɗan Anace suka yi suna a kansa. Motsa jiki, koyon kare kai, dukan buhu, kokawa, duk ban ga aibinsu ba. Layin da na ja shi ne wasan da ake cin nasararsa ta hanyar sumar da mutum. Shi ba na ba shi kuɗina, ba na ba shi idona, domin a zamanin nan ido ma kuɗi ne: kowane kallo a intanet ƙuri'a ce da ke gaya wa masu shirya wasa irin abin da za su ƙara kawowa.

Ɗan'uwan da lamirinsa ya bar shi ya ci gaba da kallo, ina roƙonsa abu ɗaya, kada ya ɗauka shi ɗan kallo ne kawai da babu ruwansa. Tunda da kuɗinsa ake ɗaure hannu, yana da hakkin ya tambaya, kuma wajibi ne ya tambaya. Akwai likita a bakin fili? Akwai motar da za ta kai mutum asibiti? Shekarun yaron nan nawa da aka saka shi da ƙato? A ƙasashen da ke da hukumar dambe mai aiki, wanda aka sumar ana hana shi wasa na makonni, sai likita ya duba shi kafin ya dawo. Ya kamata wannan doka ta kai ga kowane gidan dambe, daga Sabon Garin Kano zuwa Dei-Dei, kuma ikilisiyoyin da ke da asibitoci da likitoci a cikin membobinsu suna da bakin da za su nemi a yi ta.