Zanen Da Ke Mayar Wa Mamaci Sunansa: Daga Turai Zuwa Michika

Hotunan farko da duniya ta gani na kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, tarin gawawwaki ne. Sojojin Birtaniya da suka shiga sansanin Bergen-Belsen a watan Afrilun 1945 sun ɗauki hoton motar katafila tana tura matattu cikin rami. Hotunan sun yi amfani a matsayin hujja, amma suna da babban naƙasu: sun nuna mutanen yadda makasansu suka so a gan su, tsirara, babu suna, babu dangi. Ba wanda zai duba wannan tarin ya ce ga kakata.

Abin da ya riƙe tarihin mutum miliyan 6 a zukatan jikokinsu wani nau'in zane ne daban. A 1943 Felix Nussbaum, yana ɓoye a Brussels, ya zana kansa a gaban wata doguwar katanga, riƙe da katin shaidarsa na Bayahude, idonsa kai tsaye cikin idon mai kallo. An kashe shi a Auschwitz a 1944, amma har gobe wanda ya tsaya gaban zanen sai ya ji kamar shi ne ɗan sandan da ake miƙa wa katin.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne aikin malama Friedl Dicker-Brandeis a sansanin Terezín. Ta tara yara tana koya musu zane a kan guntayen takardu, tana sa su rubuta sunayensu a jiki. Kafin a tafi da ita Auschwitz a 1944 ta cusa zanukan a akwatuna biyu. Fiye da 4,000 sun tsira, suna hannun gidan tarihin Yahudawa na Prague. Ba duka ne ke nuna bala'i ba; akwai furanni, da gida, da teburin cin abinci. Yawancin yaran ba su rayu ba, kuma ga wasunsu wannan takardar ce kaɗai shaidar cewa sun taɓa zuwa duniya.

Ba na daidaita abin da ya faru a Michika da wancan. Girmansu da manufarsu sun bambanta. Sai dai matsalar hoto iri ɗaya ce. Boko Haram ta kama Michika a watan Satumban 2014, ta shiga Mubi a ƙarshen Oktoba ta raɗa mata Madinatul Islam, ta afka wa hedkwatar cocin EYN da ke Kwarhi. Sai a Janairun 2015 sojoji suka ƙwato Michika. To wa ya ɗauki hoton waɗannan watanni? Mafi yawan abin da ya yaɗu a wayoyi bidiyon maharan ne da kansu, sai kuma hotunan kango da ƙonannun shaguna. Yau an shafe kangon da siminti da fenti, bidiyon kuwa yana nan. Idan aka bar shi haka, yaron da aka haifa a gudun hijira a Yola zai san tarihin garinsu ta idon wanda ya ƙona shi.

An fara gwada wata hanya a ƙasar nan. Fati Abubakar ta Maiduguri ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram tana nuna masu rai: 'yan kasuwa, amare, 'yan makaranta. A 2022 mai fasaha Prune Nourry da ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo suka gina kawuna 108 na yumɓu, siffar 'yan matan Chibok da ba su dawo ba a lokacin. Aiki ne mai kyau, amma a Legas aka fara baje shi, nesa da iyayen.

Wani zai ce mutum-mutumi bai dace da addininsa ba, kuma yana da hujjarsa. Ba dole sai da siffa ba. A majami'ar Yahudawa ta Pinkas da ke Prague sunayen waɗanda aka kashe kusan 78,000 kawai aka rubuta a bango. Mai fasaha Gunter Demnig yana kafa ƙananan allunan tagulla a ƙofar gidajen da 'yan Nazi suka kwashe mutane, da suna da shekara. Sun haura 100,000 a faɗin Turai. Masu zanen ƙwarya da masu rubutun allon shago na Michika za su iya irin wannan.

Haɗarin da nake gani shi ne a mayar da tunawa makami. Hoton zalunci yana iya koya wa al'umma tausayin kowa, yana kuma iya koya mata ganin ciwonta kaɗai. Yahudawa ma suna wannan muhawara a tsakaninsu. A Michika, inda zargi ya kai ga raba ranar kasuwa tsakanin Kirista da Musulmi, bangon sunaye biyu zai ƙara fami ne kawai. Ina kira ga sarakunan ƙabilar Kamwe, da limamai da fastoci, su tattara sunayen duk wanda aka kashe ko ya ɓace, tun iyayen da suka san su suna raye, a rubuta su a bango guda bisa jerin haruffa, ba bisa addini ba.