Sabon Marubuci da Neman Masu Karatu: Darasi Daga Bakin Aku

Kwanan baya wani yaro tela ɗan unguwarmu a nan Damagaram ya kawo mini littafinsa na farko. Kuɗin ɗinki ya tara wata da watanni ya buga shi, ya raba wa ƴan'uwa da abokai, ya kai saura wajen wani mai sayar da littattafai. Ya zauna gabana jiki a sanyaye ya ce, "Kawu, wata uku ke nan ba wanda ya ce mini uffan. Waɗanda na ba kyauta ma, iyakarsu su ce Allah ya ƙara basira. Wai yaya ake yi a samu masu karatu?"

Na ce ya bar mini littafin in kwana da shi. Ban yi nisa ba na ga amsar tambayarsa. Shafi shida na farko duk sadaukarwa ne da godiya da tukuici da jinjina, sai lambar waya da roƙon duk wanda ya karanta ya kira ya faɗi ra'ayinsa. Labarin bai fara ba sai a shafi na bakwai, can ma da fitowar rana da kukan tsuntsaye ya buɗe, a wani katafaren gida a Abuja, garin da yaron nan bai taɓa takawa ba. Kafin ya ba mai karatu komai, ya riga ya miƙa masa hannu yana bara.

Ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna. Sabon marubuci yakan ɗauka mai karatu na da bashinsa a wuya, tunda ya hana idonsa barci ya yi rubutu. Alhali mai karatu yana da gona, yana da kasuwa, yana da yara, ga rediyo ga finafinai suna jan shi. Duk lokacin da zai ba littafinka, daga wani abu ya ƙwato shi.

Da tsohuwar zuma ake magani. Mu koma ga littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makircin hallaka yaron da zarar ya fita. Musa ya ƙagara ya bi sawun mayaƙa. Aku ba shi da ƙarfin tare ƙofa, bakinsa kawai gare shi. Duk daren da Musa ya shirya fita, sai aku ya jefa masa wata magana da za ta sa shi tambaya, daga nan labari ya ɓarke har gari ya waye. Ku lura, mai sauraron nan ba ya son zama, hankalinsa yana wani wuri, kuma aku bai taɓa neman ya yaba masa ba. Burinsa ɗaya: kada Musa ya tashi. Wannan shi ne matsayin kowane marubuci a gaban mai karatu.

Shi kansa Imam sabon shiga ne lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, yana ɗan shekara ashirin da biyu. A lokacin, masu karanta ƙagaggen labari da boko ƙalilan ne ƙwarai. Abin da ya riƙe mutane shi ne rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe: wannan ya cuci wancan a wani gari, wancan ya rama a gari na gaba. Mai karatu yana juya shafi don ya ga wa zai yi wa wani wayo. Har yau dattawa da suka manta sunan malaminsu na aji ba su manta Zurƙe ba.

Hanya ta biyu ita ce mai karatu ya ga kansa a cikin littafin. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, wadda ya kora da ƴaƴanta tara bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Babu macen da ba ta san wata Rabi ba, ko a danginta ko a maƙwabta. Littafi irin wannan mata ke yi masa talla da kansu, daga ɗaki zuwa ɗaki, ana aro ana ba da haya har bangon ya yage. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya.

Sai batun ra'ayi, wanda ya fi damun yaron nan. Yabo daban, ra'ayi daban. Wanda ya ce maka Allah ya ƙara basira, gaisuwa ya yi, wataƙila ko buɗe littafin bai yi ba. Ra'ayi na gaskiya yakan zo ne da zafi. Da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, mutane sun yi ta gardama a kan Sumayya da faɗawarta rijiya saboda an raba ta da Muhammad. Ibrahim Malumfashi ya soki littattafan wannan zamani ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su, aka kwashe shekaru ana fafatawa a jaridu. Babu wanda ya roƙi wannan muhawara. Littattafan ne suka taɓa mutane inda ke musu ƙaiƙayi. Saboda haka marubucin da ke neman a yi magana a kan aikinsa, sai ya shirya jin abin da ba ya so.

Ban manta da cewa mu a Nijar muna da wata matsala ta daban ba. Karatun lakwal mafi yawansa da Faransanci aka yi mana, masu karanta Hausar boko ba su kai na Najeriya yawa ba, masu buga littafi kuma ba su da yawa. Dole marubuci ya yi ɗawainiya: ya kai littafinsa gidan rediyo a karanta, ya kai wa malaman makaranta, ya karanta wa jama'a da bakinsa a fada ko a taro. Amma talla tana kai littafi hannun mutum ne kawai. Ba ta iya sa shi ya kai shafi na goma.

Kuma ƙarancin masu karatun ma dalili ne na mu daina aron gidajen Abuja. Labarai sun yi mana yawa a nan. Ga matan da ke kwana layin ruwa a Damagaram lokacin bazara. Ga matan yankin Kance da ke ɗaukar yara su nufi Aljeriya neman abinci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada, yawancinsu mata da yara. Wa ya rubuta mana labarin uwa ɗaya daga cikinsu da Hausa, tun daga ranar da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin mota?

Da yaron ya dawo, na tambaye shi abin da ke faruwa a shagonsu daren jajiberin salla. Nan take bakinsa ya buɗe: matar da ta zo da kuka saboda an ɓata mata atamfar da ta ci bashi ta saya, maigidan da ke ɓuya bayan labule yana cewa a ce ba ya nan, wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ya yi rabin awa yana magana, shayina ya huce ban sani ba. Na ce masa, "Ɗana, je ka rubuta wannan, ka fara da matar nan a layin farko. Godiyar kuma ka mayar da ita ƙarshe. Wanda ya kai can, shi ya cancance ta."