NBA 2K: Wasa Mai Kyau, Ciniki Mai Cuta

Jama'ar Sabo, shagunan gem na unguwar nan sun fara sa wa yaranmu wasan ƙwallon kwando mai suna NBA 2K, bayan na ƙwallon ƙafa da suka saba. Tunda kuɗin daga aljihunmu yake fita, ya kamata mu san abin da ake saye. Na zauna na kalla, an kuma ba ni na gwada.

Kamfanin Visual Concepts na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1999, kuma kowace shekara sai an yi sabo. A faɗi gaskiya, an yi aiki. Fuskokin 'yan wasa, tafiyarsu, yadda kowa ke jefa ƙwallo, duk an kwaikwayo. Dogo mai nauyi ba ya gudu kamar gajere, wanda aka bari a fili ya daɗe kuma sai ka ga ƙarfinsa ya ragu, jifarsa ta fara kuskure. Daƙiƙa 24 kawai ake ba ka ka yi jifa, in ba haka ba ƙwallo ta koma hannun abokin karawa. Don haka mai son kai ba ya cin nasara, dole sai ka miƙa wa ɗan'uwanka. Wannan ya burge ni.

Akwai kuma tsofaffin ƙungiyoyi a ciki. Yaro zai iya ɗaukar Houston Rockets ya buga da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Da yawa cikin yaranmu a gem ɗin nan suka fara jin sunansa.

Amma fa ba shi da sauƙin hannu. Jifa sai ka saki madanni daidai lokacinsa, ka yi gaggawa ko ka makara kaɗan, shi ke nan ta tafi. Sabon shiga sai ya sha kashi kwana da kwanaki. In kuma ta intanet ake bugawa, netwok ɗinmu kun san halinsa: ka danna yanzu, ɗan wasan ya motsa anjima. Saukar da shi a PlayStation 5 kuwa ya haura gigabait 100. Ku lissafa kuɗin data da man janareta.

Babbar matsalar ita ce ciniki. Tun daga NBA 2K21 farashinsa a sababbin na'urori ya kai dala 70. Ka biya wannan, sannan in ka ƙirƙiri ɗan wasanka sai a ba ka shi rago. Kafin ya yi ƙarfi sai an kashe masa kuɗin cikin gem da ake kira VC. Ko dai ka yi makonni kana tarawa kaɗan-kaɗan, ko ka sa kuɗin gaske ka saya. Shekara na zagayowa sabo ya fito, abin da ka tara bai bi ka ba, ka koma farko. A kasuwa, wanda ya sayar maka da buhu sannan ya ce sai ka biya kuɗin kwance bakinsa, mun san sunansa. Abin da ya ba su wannan dama shi ne rashin kishiya: NBA Live na kamfanin EA bai sake fitowa a waɗannan na'urori ba tun na 2018. Mai shago ɗaya a gari, shi ke yanka farashi.

Wanda ya fi damuna shi ne ɓangaren MyTeam, inda ake sayen ƙunshin kati a rufe, ba ka san ɗan wasan da ke ciki ba sai ka buɗe. Ka ba da kuɗi a kan abin da ba ka sani ba, kana fatan sa'a, wannan gararu ne a fiƙihun ciniki, kuma ƙofar caca ce. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A 2018 ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca, har kamfanin ya cire sayen ƙunshin da kuɗi a can.

Shawarata, yara su buga na mutum biyu a zaune, ba intanet, nan ne daɗin wasan yake. Masu shago, ba dole sai na bana ba, na bara ya ishe ku. Iyaye kuma, kada wanda ya kuskura ya sa katin bankinsa a na'urar yaro. Allah ya shirya mana zuriya.