Dogon yaro ba shi kaɗai ne icce ba

Kafin ka ci gaba, ɗaga kanka ka dubi tsakar gidanka. Wane icce ka gani? Ni na san amsa: dogon yaro ne, wanda wasu ke ce ma bedi.

Na yi wannan tambaya ga ɗalibaina na yaƙi da jahilci. Na ce kowa shi rubuta bisa allo sunan iccen da ke gidansu. Da anka ɗaga alluna, kusan duka suna guda ne. Munka yi dariya. Wata dattijuwa ba ta yi ba. Ta ce: "Malam, inuwa dai gare ni har ta yi yawa. Amma kukar miya sai na saya kasuwa." Maganarta ce ta sa ni wannan rubutu.

Bari in fara da ba dogon yaro haƙƙinshi. Baƙo ne, asalinshi ƙasar Indiya, zamanin Turawa anka kawo shi. Amma baƙon ya yi aiki. Shina jure fari, shina girma da sauri, shina ba da inuwa lokacin bazara sa'ad da zafi ya fi tsanani. Ganyenshi busasshe shina rage ƙwari cikin rumbu. Reshenshi asawaki ne. Shi ne mafi yawa cikin dajin da anka fara dasawa kewayen Yamai a 1965. A kwarin Majiya, wajen Buza, an fara jera shi layi-layi a 1975 don shi tare iska, kuma hatsi ya ƙaru bayan layukan. Wanda ya raina wannan icce bai yi gaskiya ba.

To, ina laifin? Laifin namu ne. Mun maida shi kamar babu wani icce a duniya. In an tafi wurin renon itatuwa, shi ake tambaya. In an ba mu kyauta ranar 3 ga watan Agusta, wadda ta zama ranar bukin icce tun 1975, shi muke miƙa ma hannu. Ba mu tambayar kanmu abin da gidan ke bukata.

Tsakar gida ba gona ba ce. Wuri ne ƙarami, ruwan kuwa da guga ake jawo shi. Dogon yaro in ya girma shina rufe wurin duka, abin da ka shuka ƙarƙashinshi ba shi yin kirki. Ba shi shiga tukunya. Saiwarshi kuma tana tafiya nesa neman ruwa. Ni kaina na dasa guda jikin bangon ɗakina, don ina gaggawar inuwa. Yau bangon ya tsage, kowace damana sai na yi yaɓe.

Akwai wani abu kuma. Wajen 1990 dogon yaro da yawa sun yi ciwo a ƙasarmu. Ganye ya yi ɗorawa ya zube, sai ɗan tuntu bisa ƙarshen reshe. Masu bincike sun fi zargin fari da taurin ƙasa. Garin da itatuwanshi duka iri guda ne, ranar da irin nan ya kwanta ciwo, ina mutane za su zauna?

Ba na ce ka sare naka ba. Guda ya isa gida, nesa da bango da rijiya kamar taki goma. Sauran wurin ka ba waɗanda ke ciyar da iyali.

Na farko zogala, wadda wasu ke ce ma tamaka. Manoman Jiratawa kusa da Maraɗi sun san kuɗinta. Ana shuka ƙwaya ko a kafa reshe. Wata 2 ko 3 an fara tsinkar ganye. In ta kai ƙugunka, tsinke kanta, sai ta yi rassa ta tsaya inda hannun mace ke kai. In ka bar ta, sai ta miƙe sama kamar gora, ganye kaɗan.

Sai kuka. Mutane suna cewa: wa zai dasa kuka, ai sai jikoki su ci? Wannan maganar ɗiyan kuka ce, ba ta ganye ba. Jiƙa ƙwayar cikin ruwan zafi ta kwana, ka shuka da yawa kusa-kusa kamar fangalin alayyafo, ka riƙa yanke kai. Cikin shekarar nan za a yi miya da ɗanyen ganye. Da na faɗa ma dattijuwar nan haka, sai ta riƙe baki.

Lalle shina yin shinge, mata kuma su samu na ƙunshi da na saidawa. Magarya mai aure, wadda masu bincike na ICRISAT a Sadore sunka yaɗa, ɗiyanta sun kai girman goro. Amma ka kula: duk reshen da ya fito ƙasan wurin auren, yanke shi, in ba haka ba ta koma magaryar daji. Gwanda tana son ruwa, sai mai rijiya kusa. Dasa uku, don akwai namiji cikinsu. Za ka gane shi ga fure masu yawa bisa dogon sili. Ba shi ba da ɗiyan kirki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda muke zaɓe. Kowa babba yake ɗauka, wai ya ci riba. Babban da ya daɗe cikin leda, saiwarshi ta naɗe kamar gammo, ko ta huda leda ta shiga ƙasa an tsinke ta. Irin wannan ko ya rayu, ba shi sakewa. Ɗauki wanda bai wuce kamu guda ba, mai kaurin gindi, mai ganye tsanwa. Juya ganyen ka duba bayanshi ko da ƙwari.

Kuma kada ka kai gida abin da ba ka san sunanshi ba. Wasu don kyawon fure suke ɗauka. Ƙariya tana da ƙaton gindi kamar ƙaramar kuka, da jan fure mai haske, amma ruwanta dafi ne. Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da ɗa mai ƙaya, shina haukata mutum. Ɗiyan cini-da-zugu suna sa yara amai da zawo mai tsanani. Gidan da ke da ƙananan yara da awaki, waɗannan ba wurinsu ba ne.

Ranar dashe, gina rami kamu guda zurfi, kamu guda faɗi. Gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe, da ɗan toka. Ɗanyen taki shina ƙona saiwa, shina kiran gara. Cire ledar duka, na sha tono mataccen icce in tarad da ledarshi jikinshi. Ka yi darni ranar nan, ba gobe ba, akuya ba ta jiran gobe. In kana da tsohon tulu mai yoyo, binne shi kusa da gindin, ka cika, ka rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin hatsi suna da kyau. Ruwan wanki mai sabulu da yawa, a kai shi nesa.

Kada kuma ka jira ranar buki. A ganina 3 ga Agusta ta yi baya ga mai dashe, don damana ta yi nisa. In ruwa ya zauna cikin Yuli, dasa, saiwa ta kama kafin kaka. Ranar buki sai ka kira maƙwabta su ga abin da ya tsiro.

Mu a ajinmu mun shirya: ranar kasuwa mai zuwa kowa zai kawo ƙwayar zogala da ta kuka, mu raba, mu rubuta sunan kowace bisa takarda.