McLaren P1 da Teku Ta Haɗiye: Shirin Gyaran Mota da Ya Fi Kowanne Burge Ni

Jama'a, duk mai son mota a cikinku da bai kalli yadda Tavarish yake farfaɗo da McLaren P1 ba, wallahi ana shagali babu shi. Na kalli shirye-shiryen gyaran mota iri-iri a YouTube, na masu zaƙulo tsofaffin motoci daga gareji da na masu walda da fenti, amma wannan ya kere su duka, kuma ya ba su rata mai nisa. Ina rubuta wannan sharhi ne zuciyata cike da murna, don ina so kowa ya je ya ga abin da na gani.

Ainihin sunan mutumin Freddy Hernandez, Ba'amurke ne mazaunin jihar Florida. An san shi da sayen motocin alfarma da kowa ya yanke musu ƙauna, ya gyara su a gaban kyamara. Ya taɓa tayar da Lamborghini Gallardo da gobara ta ci, ya kuma haɗa McLaren 675LT da ta yi mummunan hatsari. Duk da haka babu wadda ta kama ƙafar wannan wajen tsada da wajen wahala.

Sai ka san motar kafin ka fahimci abin da ya sa mutane suka kama baki. Kamfanin McLaren ya ƙera P1 a garin Woking na Ingila tsakanin 2013 da 2015, guda 375 kacal. Ita ce magajiyar McLaren F1, wadda a 1998 ta yi gudun kilomita 386 a sa'a. Injin P1 mai silinda takwas ne, lita 3.8, da turbo biyu, sannan aka haɗa masa injin lantarki, su biyun suna ba da ƙarfin doki 903. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.8, kuma kamfanin da kansa ne ya taƙaita gudunta a kilomita 350. Idan aka danna mata maɓallin tsere sai ta durƙusa ƙasa da milimita 50, fiffiken bayanta ya miƙe sama. Kai! Masu son mota suna jera ta da LaFerrari da Porsche 918 Spyder a matsayin sarakuna uku na zamaninsu. Sabuwarta ta haura dala miliyan ɗaya, daga baya kuma darajarta ta doshi miliyan biyu. Shekarunta ba su kai na tsofaffin Jaguar ko Marsandi ba, amma tuni ta shiga sahun motocin tarihi.

To, irin wannan motar ce, ruwan ɗorawa sharr, wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce mil ɗari uku da 'yan kai ba, take ajiye a wani gareji a yankin Naples, kudu maso yammacin Florida. Ranar 28 ga Satumba, 2022, guguwar Ian ta afka wa gaɓar. Teku ta tumbatsa ta shiga gidaje, ta ɓalle garejin, ta yi awon gaba da motar tare da wata Rolls-Royce Phantom da ke kusa da ita. Mai motar bai daɗe da sayenta ba. Hotunan sun zagaye duniya: ga P1 tana yawo a kan ruwa, ga ta kuma bayan ruwan ya janye, a yashe cikin tarkace. Guguwar ta hallaka mutane fiye da ɗari, kuma wannan shi ne babban rashi, Allah Ya kiyaye na gaba. Kamfanin Carfax ya ƙiyasta cewa motocin da ruwan ya lalata za su kai 358,000. Ita P1 an kai ta filin gwanjon Copart, a 2023 kuma Tavarish ya saye ta a kan dala 575,000. Ka ji fa, mai karatu: fiye da rabin miliyan na dala a kan motar da ko fitila ba ta kawowa.

Abin da ya fara sace zuciyata shi ne haƙurinsa. Duk wanda ya mallaki mota irin wannan, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin ya ɗaura batir ya ji ko za ta yi tari. Shi bai bi wannan hanya ba. Kwance ta ya shiga yi, ƙusa bayan ƙusa, kuma wannan shi ne daidai, domin babu abin da ke ƙarasa motar da ta sha ruwa kamar a yi mata ki.

Ga dalili. Inji iska yake zuƙa, ta gauraya da fetur, fistan ya taso ya matse su, fulogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Idan ruwa ya bi ta hanyar iska ko ta salansa ya kwanta a cikin silinda, aka juya injin, fistan zai taso da ƙarfinsa ya tarar babu wurin zuwa. Kamar ka ɗaga taɓarya ka kirɓa a turmin da aka cika da dutse ne: taɓaryar ce za ta ji a jikinta. Sandar da ta haɗa fistan da karanshaf sai ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta huda jikin injin ta fito. Ko da silinda ta tsira, ruwan da ya gauraya da baƙin mai yana mayar da shi fari-fari mai kauri, ba ya iya kare ƙarafa daga gogayya, cikin 'yan mintoci inji ya buga. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa yake fara cire batir, ya kwance fulogai, ya juya injin da hannu ruwan ya fito ta ramukansu, ya zubar da baƙin mai da man giyabos da na birki, ya sauke tanki ya wanke. A tsohuwar mota mai kafireto, idan ruwan daɗi ne kuma an yi hanzari, sau da yawa wannan ya isa ta tashi.

Amma P1 ruwan teku ta sha, kuma ta yi watanni a filin gwanjo da gishirin a jikinta. A nan ne shirin ya zama makaranta. Gishiri ba ya tafiya don ruwa ya bushe. Yana nan a lungu yana jawo laima daga iska, yana cin ƙarfe dare da rana. Yana bin cikin waya ta ƙarƙashin robarta, ya mayar da jan ƙarfe kore, ta yadda wayar da ka gani lafiya lau a waje ta riga ta ruɓe a ciki. Ruwan gishiri kuma yana ɗaukar wutar lantarki, don haka duk wata ƙaramar kwamfuta da ke cikin motar, wadda masu gyaranmu ke kira birenbos, tana cikin hatsari, ga shi P1 tana da su birjik. Akwai kuma wani abu da ya ba ni mamaki ƙwarai: gangar jikin motar da zaren kabon aka yi ta, shi ba ya tsatsa, amma duk inda ya haɗu da alminiyom alhali ruwan gishiri yana tsakaninsu, sai alminiyom ɗin ya riƙa zagwanyewa da sauri fiye da yadda zai yi shi kaɗai. Wato abin da ya ceci gangar jikin shi ne yake taya gishiri cinye ƙarafan da ke manne da ita. Tabɗijam!

Kuma duk wannan da idonka za ka gani. Ana buɗe wani sashe sai yashin teku ya zubo. Ana kwance bututu sai gurɓataccen ruwa ya biyo. Ba a yanke wurin da ƙusa ta ƙi fita, ba a ɓoye ranar da aka buɗe wani ɓangare aka tarar ya fi yadda ake zato lalacewa. Za ka ga fuskarsa ta canza, ka ga ya yi shiru, sannan ya ɗauki sufana ya ci gaba. Ni wannan gaskiyar ce ta ɗaure ni. Shirye-shirye da yawa suna nuna maka gawar mota a farko, su nuna maka amarya a ƙarshe, tsakiyar kuma a cika ta da kiɗa. A nan tsakiyar ita ce shirin.

Sai batun kayan gyara. Motar da guda 375 ce a duniya ba wadda za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ka ce a ɗauko maka fitilarta ba ce. Abin da ya taimake shi shi ne injin P1 ɗan gida ɗaya ne da na motocin McLaren MP4-12C da 650S da 675LT, ga shi ya riga ya san cikin 675LT ciki da bai. Yadda yake bin diddigin wane kaya ne zai shiga, wanne ne sai an ƙera sabo, wanne kuma za a wanke a ceto, abin sha'awa ne matuƙa. Kuma ba ya jin nauyin kiran waɗanda suka fi shi sani a wani fanni, ya tsaya ya saurare su. Wannan hali ya ƙara masa girma a idona.

Na san inda wasu masoya McLaren suka yi fushi da shi. Babban batirin lantarkin motar ya mutu murus, sabonsa kuma kuɗinsa ya haura dala dubu ɗari. Ban da tsada ga hatsari: bayan guguwar Ian an samu motocin lantarki a Florida da suka kama da wuta saboda ruwan gishiri ya shiga batirinsu. Sai ya yanke shawarar cire ɓangaren lantarkin gaba ɗaya, ya rage wa motar nauyi, ya ƙara wa injin fetur ƙarfi. Masu suka suna cewa P1 da babu lantarki ba P1 ba ce. Na fahimci ciwonsu, amma ina tare da shi ɗari bisa ɗari. 'Yan uwanta da yawa suna nan a ajiye yadda kamfani ya yi su, duk mai son ganin asali zai gani. Wannan guda ɗayar teku ta riga ta raba ta da asalinta tun ranar ambaliyar. Ko dai ta dawo a wata sabuwar siffa, ko a yayyaga ta a sayar da ita gunduwa-gunduwa.

Abin da ya ƙara min daɗi, wanda ya jagoranci zana P1 tun farko, Frank Stephenson, ya shigo aikin da kansa, suka raɗa wa sabuwar siffar suna P1 Evo. Haifaffen Kasablanka ne a ƙasar Maroko, shi ne ya zana sabuwar Mini da BMW X5 ta farko da Ferrari F430. Mutum ya dawo ya sake ɗora alƙalaminsa a kan motar da ya zana fiye da shekaru goma da suka wuce, bayan an tsamo ta daga bakin teku! Ranar da na ga haka sai da tsigar jikina ta tashi.

Kada wani ya ce wannan wasan attajiran Amurka ne, bai shafe mu ba. Motoci da yawa da ake saukewa a Kwatano da Legas daga irin waɗannan filayen gwanjo suke fitowa, kuma a cikinsu akan samu waɗanda ambaliya ta taɓa, an wanke an goge. Wanda ya kalli shirin nan zai koyi ɗaga kafet ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya duba tsatsa, ya zare soket ya nemi koren nan. Mutanen Maiduguri kuma sun ga abin da ruwa ke yi wa mota a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Abin da ya lanƙwasa ƙarfe a injin McLaren shi ne zai lanƙwasa shi a injin Golf ko Corolla.

Hukuncina a fili yake: wannan ne shirin gyaran mota mafi daraja da na taɓa kalla, kuma ina ba shi maki cikakke ba tare da ragi ba. Ku nemi tashar Tavarish, ku fara daga kashi na ɗaya, kada ku tsallake ko guda. Iyayen gidanmu masu gareji, don Allah ku zaunar da yaranku masu koyon aiki ku kalla tare, ko da ba sa jin Turanci, domin hannun mutumin kaɗai ya isa ya koyar da su.