Faifan Garmaho da Abin da Kwalinsa Ya Ɓoye

Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa huɗu a kowane gefe. Makaɗin Hausa kuwa a nan ne yake fara ɗumama murya, sai a datse waƙar. Da babban faifai mai juyi 33 ya zo, mai cin kimanin minti 20 a gefe, irin su marigayi Alhaji Mamman Shata suka samu sakewa a faya-fayan kamfanin EMI.

Ƙorafina a kan kwalin yake. Yawancin waɗanda na gani a hannun dattawan Muchia da Sabon Gari, hoton mawaƙi ne kawai da jerin waƙoƙi, ƙ da ɗ ma babu lanƙwasa. Ba sunan mai kalangu, ba na 'yan amshi, sau da yawa ba shekara. To, yaya ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, zai jera waƙoƙinsa daki-daki? Ga shi ba mu ajiye jadawalin ciniki irin na Billboard a Amurka ba. Ma'auninmu shi ne yawan masu roƙon waƙa a Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, wannan kuwa iska ta kwashe.