Kuben Bindiga Ba Tare da Bindigar Ba: Nazarin Wani Reshe na Dukanci a Amurka

A Amurka akwai dukawan da ba sa ɗinka komai sai kuben ƙaramar bindiga, irin wanda ɗan sanda ko mai izinin riƙe makami ke maƙalawa a ɗamara. Yawancinsu ba sa taɓa ganin bindigar da za ta kwana a kuben. Mai saye yana Alaska, baduku yana Idaho, abin da ya haɗa su kawai sunan bindigar ne, da tsawon hancinta, da hannun da mai ita ke zarowa da shi. Doka ce ta fara raba su. A 1927 aka hana talaka jefa ƙaramar bindiga a gidan waya kamar sauran kaya, dokar 1968 kuma ta ɗaure tura makami daga jiha zuwa jiha sai ta hannun masu lasisi. Ko da doka ta yarda, wa zai rabu da makaminsa wata da watanni yana jiran layi ya zo kansa?

Aikin daga nesa tsoho ne. Masu ɗinkin sirdi irin su H. H. Heiser na Denver da S. D. Myres na El Paso sun daɗe suna karɓar oda ta wasiƙa. A zamaninsu abin da sauƙi, domin bindigogin da ke hannun jama'a ba su da yawan iri, kuma libarbar Colt ta 1873 ta cika gari. Kuben lokacin jaka ce mai zurfi, bindiga ta faɗa ciki, nauyinta ya riƙe ta, wani lokaci a ƙara ɗan madauri. Samfuri ɗaya na takarda kan wadatar da bindigogi da dama. Wahalar ta zo ne daga tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da irin su Chic Gaylord na New York suka koma yin kube siriri mai ɓuya a ƙarƙashin kwat, daga baya Bruce Nelson da Milt Sparks suka shahara da wanda ake sawa ta cikin wando. Irin wannan ba zurfi ke riƙe bindiga ba, matsewar fata ce a jikin ƙarfe. Daga nan ya zama dole baduku ya san kowane tudu da kwari na makamin.

Fatar da ake amfani da ita ƙirgin saniya ne da aka jeme da ɓawon itace, dangin jimar da majemanmu ke yi da bagaruwa. Kamfanin Hermann Oak na St. Louis, wanda ke aiki tun 1881, yana cikin waɗanda dukawan can suka fi yarda da su. Kaurinta yakan kai milimita uku. Wadda aka jeme da sinadarin kurom ba ta riƙe siffa, shi ya sa ba a kula ta. Baduku zai yanka, ya liƙa, ya ɗinke, sannan ya tsoma kuben a ruwa na ɗan lokaci, ya jira fatar ta fara komawa launinta. A daidai wannan gaɓar yake cusa bindiga, ya bi ta da yatsa da santsin ƙashi ko ƙaho, yana danna fatar cikin kowane lungu. Idan ta bushe sai ta ƙage a haka. Badukun Kano mai kuben wuƙa ya san wannan, shi ya sa yakan ce a kawo masa wuƙar.

To me ake cusawa in babu bindigar? Gunkinta. Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin Ring's da ke Melbourne a jihar Florida, bindigar roba mai tauri, shuɗiya, wadda asali don horar da 'yan sanda ake yin ta, launin kuma don kowa ya gane daga nesa ba ta harbi. Akwai masu zuba na sanholo, wanda ya fi jure matsi. Shagon da ya daɗe a sana'ar za ka tarar da bangonsa cike da waɗannan gumaka, kuma su ne jarinsa na gaske, sun fi keken ɗinkin daraja.

A ganina babu ha'inci a yin aiki da gunki, kuma masu raina hanyar ba su yi wa sana'ar adalci ba. Amma gunki siffa kawai yake bayarwa, ba ya bayar da hali, kuma gwanintar baduku tana wajen sanin inda gunkin ke masa ƙarya. Roba takan ɗan tsuke idan ta huce bayan zubi, don haka wani gunkin yakan gaza ainihin bindigar da ɗan abin da ido ba ya gani, sai a naɗa masa salatif a cike giɓin. Ƙaramin tsinin saiti da ke kan hancin bindiga yana bukatar hanyarsa a cikin kube, in ba haka ba zai riƙa kankare fata duk lokacin da aka zaro. Don haka ake ɗaura siririn itace a bayan gunkin kafin a matse. Ramin da kwanson harsashi ke fita ta ciki shi ma tarko ne: in aka danna fata ta shige shi sosai, bindiga za ta kulle, mai ita ya ja ya ja ta ƙi fita. A kan roba mai santsi wannan kuskuren ba ya nuna kansa. Haka bindigar 1911 ta John Browning, wadda da yawa ke ɗauka a ɗane da makullinta a sama. Gunkin da aka zuba da makullin a ƙasa zai ba da kuben da ke iya ture makullin ba tare da mai ita ya sani ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen kunama. Kuben da ake dangantawa da Tom Threepersons, ɗan sandan El Paso, wanda Myres ya ɗinka a shekarun 1920, ya bar kunama a fili, kuma ga libarbar wancan zamani hakan ya yi. Bindigogin yau irin Glock ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, abin da ke tsakanin mutum da harbi shi ne kada komai ya taɓa kunama. Kube dole ya rufe ta gaba ɗaya, bakinsa kuma ya tsaya da ƙarfi, kada ya lanƙwashe ya shige ciki sa'ad da ake mayar da bindiga. Gunkin roba kunamarsa a daskare take, ba za ta taɓa motsi ta gargaɗi baduku ba. Shi zai riƙe wannan a ransa, ya ƙi danna fata da zurfi a wurin, ko da hakan zai rage wa aikin kyan gani a hoto. Kuma kyan hoto ke jawo ciniki a intanet, don haka jarabawar ba ƙarama ba ce.

Wasu sukan ce a aiko musu da zanen bindigar a takarda da awonta, su sassaƙa gunkin katako. Ga kube mai zurfi irin na dā, ko na wasan kwaikwayo, wannan ya isa. Ga wanda mutum zai rataya makami mai harsashi a jikinsa wuni guda, ban yarda da shi ba, kuma ina girmama badukun da zai ce wa mai saye ba shi da gunkin, ya nemi wani.

Wannan amsar tana da tsada ga wasu. Masu zuba gunki kasuwa suke bi, sai bindigar da ta yi farin jini suke yi wa. Mai tsohuwar libarbar gado, ko wata baƙuwar bindigar Turai, sai ya nemo baduku na kusa da zai kai wa da ƙafarsa. Ga kuma fitilu da madubin saiti da ake ɗaura wa bindigogi yanzu, kowane haɗi na neman gunkinsa. Masu kuben roba na Kydex sun fi saurin bin wannan canji, ƙaramin baduku kuwa sai ya zaɓi 'yan nau'o'in da zai tsaya a kansu. Ko a kan waɗannan ɗin ma yakan ɗinka kuben ya ɗan matse da gangan, domin fata tana buɗewa amma ba ta komawa, sannan ya rubuta wa mai saye ya cire harsashi, ya sa bindigar a leda, ya cusa ta a kuben ta kwana.